Makonni Tara Ina Bin Sawun Mita

'Yan uwana masu koyon tattalin gida, sallama gare ku. Na yi alkawarin zan riƙa kawo muku halin da nake ciki duk mako, sai ga shi na tara na makonni tara a littafi ɗaya ban turo ko ɗaya ba. Ku yi haƙuri. Ga su nan yadda na rubuta su, har da wuraren da na tafka shirme.

Mako na 1

Ban rage komai ba, kuma da gangan na yi. Aikina ɗaya ne: in karanta mitar wutar lantarki ƙarfe 10 na dare kafin in kwanta, in sake karantawa ƙarfe 6 na safe, in rubuta lambobin. A bayan littafin kuma nake rubuta duk kuɗin da ya fita daga hannuna, komai ƙanƙantarsa.

Ga wanda bai saba da lissafin ba: yunit ɗaya, wanda ake rubuta wa kWh, shi ne wutar da na'ura mai wat 1000 za ta sha idan ta yi awa guda tana aiki. Ka ɗauki wat ɗin na'ura, ka ninka da awoyin da ta yi, ka raba da 1000, ka sami yunit. Duk abin da zan faɗa nan gaba a kan wannan lissafin yake tsaye.

Karatun dare shi ya fara buɗe mini ido. Muna barci, gida shiru, amma mita na tafiya da yunit 1.2 cikin awa 8. Wato kamar wat 150 ke nan ake ja ba tsayawa. Firji da fanka biyu na sani. Sauran fa?

Mako na 2

Na zagaya gida ina juya kowace na'ura ina neman lambar da ke gaban harafin W, wato wat ɗinta, ƙarfin wutar da take ja. Maigida ya ce na zama sufeto. Abin da na gano ya ba ni kunya ƙwarai.

Shekaru na yi ina faɗa da yara a kan cajar waya da suke bari a jikin soket. Caja ta zamani idan babu waya a jikinta ba ta kai rabin wat ba. Shekara tana da awa 8760, don haka duk wat ɗaya da aka bari a kunne shekara guda yunit 8.76 ne. Cajar da ke jan wat 0.3 ke nan ba ta cika yunit 3 a shekara. Ni kuwa mai faɗan, nakan cika butar lantarki taf da ruwa lita 1.7 don ina son rabin lita, sau huɗu a rana. Kai lita ɗaya ta ruwa daga digiri 25 zuwa tafasa yana cin kusan yunit 0.09. Rarar da nake tafasawa ta huce a banza ta kai yunit 0.1 a kowane zuwa, yunit 3 a mako. Ɓarnar da nake yi a mako ɗaya ta kamo ta caja ta shekara. Ashe jaki na bari ina dukan taiki.

Daga nan na kama ƙa'idar da har yau ba ta ba ni kunya ba: duk na'urar da aikinta zafafawa ne ko sanyayawa, ita ce mai ci. Dutsen guga na wat 1200 ne, buta 2000, tankin ruwan wanka 1500. Fanka kuwa ba ta wuce 70 ba. Tankin nan namu mai lita 50, kai shi daga digiri 25 zuwa 60 yunit 2 ne, kuma kunne yake wuni, yana hucewa yana sake zafafa kansa. Ruwan bokiti mai lita 20 kuwa, idan digiri 40 kawai ake so, yunit 0.35 ya ishe shi. Yanzu ana kunna tankin kafin wanka a kashe bayansa.

Kada ku ce na wanke duk na'urorin da ke zaman jira. Tun 1999 Hukumar Makamashi ta Duniya ta fara kiran a rage abin da suke ja zuwa wat ɗaya, Tarayyar Turai kuma ta mayar da shi doka a 2010, ta sake rage shi zuwa rabin wat a 2013 ga yawancin kayan gida. Tsofaffin kaya dokar ba ta riske su ba. Tsohuwar dikodarmu ɗumi take yi ko a kashe take, kuma ɗumin nan wuta ce. Na'urar da ke jan wat 10 dare da rana tana shan yunit 87 da ɗoriya a shekara. Ku taɓa da hannu. Wadda kuka ji da ɗumi alhali ba ta aiki, a kashe ta daga bango.

Mako na 3

Fitilu. Saura ƙwai uku na tsohon yayi a gidan, masu wat 60, waɗanda kusan kashi 90 cikin 100 na wutarsu zafi take zama ba haske ba. Na canza su da masu tsimin wuta, waɗanda ake rubuta wa LED a kwali. Mai wat 9 yana ba da haske daidai da na 60. A awa 5 kullum, ƙwai ɗaya ya rage yunit 93 a shekara, kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Masu binciken da suka samar da shuɗin hasken da ya sa wannan ƙwai ya yiwu, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, har lambar yabo ta Nobel suka samu a 2014.

Sai dai tun da aka ji sababbin ba sa ci, ba wanda ke kashe su. Na tarar da fitilar baranda a kunne da rana tsaka har sau uku. Wani masanin tattalin arziki a Ingila, William Stanley Jevons, ya lura da irin wannan tun 1865: injuna sun daina cin kwal da yawa, sai ƙasar ta ƙara yawan kwal ɗin da take ƙonawa. Ban zaci zan gamu da shi a barandata ba.

Mako na 4 da na 5

A nan hankalina ya koma kan ɗinkin jakar riƙe zafin tukunya, kuma a nan na fi daɗewa.

Ruwa idan ya tafasa ba ya ƙara zafi, ko da za ka ninka wutar. Ƙarin wutar tururi kawai take yi. Mayar da lita ɗaya ta ruwa tururi yana cin kusan yunit 0.63, ninki bakwai ke nan na abin da aka kashe kafin ta tafasa. Shi ya sa murfi yake da daraja, shi ya sa kuma ake rage wuta da zarar tukunya ta tafasa. To idan zafi ne ke dafa abinci ba harshen wuta ba, me zai hana a sauke tukunya a kulle zafin a cikinta ya ƙarasa aikin?

Dabarar tsohuwa ce. An baje kolin wani akwatin girki irin wannan daga ƙasar Nowe a babban baje kolin Faris na 1867, kuma gidaje da yawa a Turai sun dogara da akwatin da aka cusa wa busasshiyar ciyawa a lokutan yaƙin duniya biyu, da makamashi ya yi wuya. A Afirka ta Kudu, Sarah Collins ta fito da ta yadi a 2008, ta sa mata suna Wonderbag. Ni dai na ce tunda ina da keken ɗinki da tsummokara, zan gwada tawa.

Ta farko ta ƙi. Na yanka da'ira biyu na yadi, faɗin kowacce kamar mita ɗaya da kwata, na ɗinka ƙaramar da'ira a tsakiya inda gindin tukunya zai zauna, na raba sauran gida takwas kamar ɓawon lemo, na cusa tsumma a kowane gida, na sa zariya a baki. Kura-kuraina uku. Na danna tsumman da ƙarfi har jakar ta yi tauri, alhali iskar da ke maƙale tsakanin tsumma ita ce ke tare zafi, ba tsumman kansa ba. Da na matse shi sai na kore ta. Na biyu, gindin ya yi siriri, zafi na zurarewa ƙasa. Na uku kuma shi ya fi ba ni haushi: yadin ciki na roba ne, tukunya na sauka a kansa ya narke ya manne mata. Rabin yini na yi ina kankarewa.

Gwajin da nake yi da ruwa ne zalla, don kada in yi asarar abinci. Lita 3 a tukunya mai murfi, ya tafasa, in saka a jaka, in duba da ma'aunin zafi bayan awa 4. Ta farko ta ba ni digiri 58.

Ta biyu na yi mata ciki da yadin auduga mai kauri, na cusa mata gutsattsarin soson tsohuwar katifa sako-sako, kaurin kamar yatsu huɗu ta kowane ɓangare har da gindi. Na ɗinka ƙaramin matashi zagayayye da ke zama a kan murfi kafin a ja zariya, domin ta sama zafi ya fi gudu. Na kuma shimfiɗa tsohon tawul a ciki saboda gindin tukunya. Bayan awa 4, digiri 74. Ɗinkin ya karkace a gida biyu, ƙanwata ta ce ta yi kama da kabewar da aka zauna a kai, amma tana aiki.

Lambar nan ta 60 ku riƙe ta da kyau. Tsakanin digiri 5 da 60 ne ƙwayoyin cuta suke hayayyafa a abinci. Jakar da ta bar tukunya ta sauko ƙasa da 60 ta daɗe a haka, kamar tawa ta farko, haɗari ce. A bar abinci ya tafasa sosai a kan wuta har zafi ya ratsa cikinsa kafin a sauke, kada a buɗe don leƙe, kuma idan an buɗe an ga ya huce a sake tafasa shi kafin a ci. Tukunya cikakkiya ta fi riƙe zafi nesa ba kusa ba. Da na gwada da lita ɗaya a babbar tukunya, awa 2 ma bai kai ba ya sauko. Kada garin neman gira a rasa ido.

Mako na 6

Firji. Na sa takarda a bakin ƙofa na rufe na ja. Ta zare ba gardama a kusurwar ƙasa, alamar robar ta saki. Na wanke robar da ruwan ɗumi, ta ɗan kama. Na janye firjin daga bango, na share ƙurar bayansa, na daidaita shi a digiri 4, firiza a 18 ƙasa da sifili. Na daina saka abinci da zafinsa. Wani ya ba ni shawarar in riƙa kashe shi da dare, na ƙi.

Mako na 7

Ban yi komai ba. Baƙi muka yi, mita ta gudu, ban ma karanta ta kwana uku ba.

Mako na 8

Sai yanzu na zauna da shafukan kuɗi na bayan littafi. Na fara gwada tsarin nan na 50, 30, 20 da Elizabeth Warren da 'yarta Amelia suka yaɗa a Amurka a 2005: rabin abin da ke shigowa ga larura, kashi 30 ga abin marmari, kashi 20 ajiya ko biyan bashi. Bai hau kaina ba. Larurata kaɗai ta haye rabi da nisa, kuma kallon lambobin karya mini gwiwa kawai yake yi. Ina ganin tsari ne na wanda samunsa ya riga ya ɗan yalwata.

Wanda ya fi mini shi ne salon littafin gida na Japan da suke kira kakebo, wanda 'yar jarida Hani Motoko ta fito da shi a 1904. Ba ya yanka maka kaso. Kai za ka rubuta abin da ya shigo a farkon wata, ka cire abin da dole a biya, ka ware ajiya tun kafin ka fara kashewa, sannan ka rubuta komai da hannu ka dawo ka duba a ƙarshen wata. Rubutun hannun yana da tasiri. Sau biyu na mayar da kaya a kan kanta don na tuna sai na rubuta shi da dare. Na haɗa shi da ambulan huɗu, kowane mako da nasa, wanda ya ƙare ya ƙare.

Abin da shafukan suka tona shi ne irin abin da mita ta tona. Ina ta ƙyashin ƙananan abubuwa, alhali manya uku ne suka kwashe mafi yawa, kuma akwai wani biyan wata-wata na manhajar waya da na manta ma ina da shi. Na soke shi a minti biyu.

Mako na 9

Karatun dare ya sauko daga 1.2 zuwa 0.9. Na jimillar mako ma ya ragu, amma ba zan ba ku kaso ba tukuna, domin garin ya ɗan yi sanyi a makonnin nan, fanka ta huta, kuma ban san nawa ne nawa nawa ne na yanayi ba. Sai na kwatanta wata da irinsa. Guga yanzu sau ɗaya nake yi a mako, in fara da kayan da ba sa son zafi, in cire fulogi in ƙarasa na ƙarshe da sauran zafin ƙarfen.

Jaka ta uku na yanka ta jiya, ƙarama, don tukunyar lita ɗaya da rabi. Soso ya ƙare, don haka da audugar tsohon matashi zan cusa ta, kuma ina tsoron za ta dunƙule idan tururi ya jiƙa ta. Duk wadda ko wanda ya taɓa gwada auduga a cikinku, ya gaya mini digiri nawa ya samu bayan awa 4, da kuma yadda ya shanya ta.