Shirun da ya fi "a'a" ciwo

Saƙon da ya karya mini gwiwa layi uku ne kacal. Waɗanda na nemi aiki a wurinsu sun gode da lokacin da na ba su, sun ce sun ɗauki wani, sun yi mini fatan alheri. Kafin nan sau uku ina zama da su, har wanda zai zama shugabana ya tambaye ni yaushe zan iya kama aiki. A tsaye na karanta saƙon, na kife wayar a kan tebur, kuma na yi kusan mako biyu ban buɗe kwamfuta ba.

Duk da haka, wanda ya ce maka "a'a" ya hutar da kai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne shiru. Ka tura takarda, ka duba imel da safe, ka duba da rana, ka farka tsakar dare ka sake dubawa, babu ko ɗigo. Zuciya kuwa ba ta barin shiru haka nan, sai ta cika shi da zargi: ko dai ni ne ban iya komai ba?

Sai daga baya na fahimci yadda abin yake tafiya. Kamfanoni da yawa suna tara takardun masu nema a cikin manhaja, mai tantancewa kuma yakan lalubo mutane da kalmomin da ke cikin sanarwar gurbin. Idan ka tura takarda iri ɗaya ko'ina, ba ka taɓa kalmomin nan ba, tana iya nutsewa ido bai kai kanta ba. Wani gurbin ma akwai ma'aikacin cikin gida da aka riga aka sa wa ido. Ashe na daɗe ina yanke wa kaina hukunci a kan takardun da wataƙila ba a ma karanta ba.

Daga nan na canza abin da nake ƙirgawa. Da, ranar da ba a kira ni ba, a wurina ranar ta lalace. Sai na sami ƙaramin littafi ina rubuta abin da ke hannuna kawai: takarda nawa na gyara daidai da gurbi, wa na yi wa magana, wace tambaya ce ta kayar da ni a intabiyu. A can na ga tambaya ɗaya ta maimaitu sau uku, wato in kawo misalin matsalar da na taɓa warwarewa. Duk sau ukun kame-kame na yi. Na zauna na rubuta misalai biyu, ina faɗa da ƙarfi har bakina ya saba.

Abin da ya fi yi mini wuya shi ne fitowa in ce ina neman aiki. Kunya nake ji. Ranar da na daure na kira wani tsohon malamina, na fara da ba shi haƙurin damunsa da na yi. Ya katse ni: "Haba ɗana, wata nawa kana fama kai kaɗai? Wanda bai san kana nema ba, ta yaya zai tuna da kai?" Na ce, "Malam, nauyi nake ji." Ya ce in turo masa takarduna a daren.

Maganarsa tana da tushe. Tun 1973 masanin zamantakewa Mark Granovetter na Amurka ya nuna cewa labarin aiki ya fi zuwa ta hannun waɗanda aka sani sama-sama, domin aminanka na kusa galibi abin da ka sani shi suka sani. A 2022 wani bincike a kan mutum sama da miliyan 20 masu amfani da LinkedIn, shafin intanet na ma'aikata da masu neman aiki, ya ƙarfafa wannan magana.

Malam bai samo mini aiki ba. Ya dai haɗa ni da wata tsohuwar ɗalibarsa, ita kuma ta sanar da ni wani gurbi tun kafin a buga sanarwarsa. A intabiyun, tambayar nan ta sake fitowa. Na numfasa, na kawo misalina na farko daga tushe har ƙarshe, na ga mai tambayar ya jawo biro ya fara rubutu.