Buroshi mai tauri da abin da yake yi wa dasashi

Jama'a wai waye ya koya mana cewa sai buroshi ya yi ƙara a baki kafin a ce an wanke haƙori? Ku saurara da asuba a kowane gidan haya a unguwar Aboabo ko Asawase a Kumasi, kowa tsugune bakin kwata da kofinsa, karr karr kawai kake ji kamar ana kankare ƙanzo a tukunyar waakye, in an tofar aka ga ja-ja cikin kumfa sai a ce ai datti ne ke fita.

Wajen saye ma haka ne. Ka je kasuwar Kejetia ka ce a ba ka mai laushi, sai mai tebur ta dube ka ta ce Alhaji wannan na yara ne fa, ɗauki mai ƙarfin shi ke daɗewa. Kuma gaskiyarta, yana daɗewa ɗin, saidai kafin shi ya cinye ya riga ya ci maka dasashi.

Abin da ake son cirewa a baki wani farin abu ne mai yauƙi da ƙwayoyin cuta ke tarawa a gindin haƙori, kuma laushi gare shi, ko farce ka sa yana fita. In aka bar shi ya kwana biyu sai ya daskare ya zama wannan tsatsar da ake gani a bayan haƙoran ƙasa, ita kuma wallahi duk ƙarfinka buroshi ba ya cire ta, sai likitan haƙori ya kankare da na'ura. To dirzar nan me take cirewa kenan?

Dasashi take turawa baya a hankali, shekara da shekaru, mutum ya duba madubi ya ga haƙoransa sun ƙara tsawo ya ɗauka tsufa ne. Saiwar haƙori ce ta fito fili, ita kuma ba ta da wannan farin ɓawon mai ƙarfi da ke rufe saman haƙori, akwai ƙananan ƙofofi a cikinta da ke kaiwa har jijiya, shi ya sa da ka fasa piya wata mai sanyi ko ka kurɓi koko da zafinsa sai ka ji tsam har tsakiyar ka. Kuma dasashin da ya ja baya ba ya komawa da kansa, in abin ya yi nisa sai an yanko nama daga ganɗa an ɗinka a wurin. Masu goga da hannun dama yawanci ɓangaren hagu ya fi cin wuya, wajen fiƙa da na kusa da ita, sa farce a wuyan haƙorin za ka iya jin ɗan rami.

Abin da ya fi ba ni haushi maganar fari ce. Dattawanmu masu cin goro da mu masu shan shayi, kowa na dirza don jan ya fita, wasu har da gawayi da gishiri ko toka. Amma abin da ke ƙarƙashin ɓawon nan launinsa ruwan ɗorawa ne, duk lokacin da ɓawon ya ƙara sirancewa sai haƙorin ya ƙara yin rawaya, sai a ƙara dirza, kuma ɓawon ba ya sake tsirowa.

Aswaki sunna ne kuma yana wanke baki sosai, ba ni da magana da shi, saidai busasshen icce da ba a jiƙa ba, ba a tauna bakinsa ya yi laushi ba, a yini ana cuɗa shi a wuri ɗaya musamman da azumi, shi ma yana tura dasashi.

Kada kuma wani ya ga jini ya daina goge wurin. Yawancin jinin dasashi kumburi ne saboda dattin da ya zauna a gindinsa, sai an ci gaba da wankewa a hankali yake lafawa, in ya wuce sati 2 bai tsaya ba a je sashen haƙori na asibitin Komfo Anokye ko asibiti mafi kusa a duba.

Yadda likitoci ke koyarwa dai ba wuya, buroshi mai laushi, ka riƙe shi da yatsu yadda ake riƙe biro maimakon dunƙule hannu, ka ɗan karkata shi ya fuskanci inda haƙori ya haɗu da dasashi kana jujjuyawa kaɗan kaɗan, minti 2 safe da dare, da man goge baki mai fuloraid. In ka sha lemu ko sobolo mai tsami ka bari kamar minti 30 tukuna, don tsamin na sa ɓawon ya yi laushi. Buroshi ana canja shi duk wata 3, amma in naka ya baje ya yi kwance tun bai kai wata ba to hannunka ne ya yi nauyi. Dan Allah iyaye a leƙa kofin yara ma a ga yadda nasu yake, don a wajenmu suke kwaikwayon dirzar.