Tsawo daga kai, kauri daga ƙarƙashin ɓawo

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina renon dashe a bakin fadama, a wajen Zariya. Mangwaro, gwaiba, lemo, dalbejiya, zogale, duk a leda muke tayar da su, ni da yarana uku. Har yau rigimata da masu saye guda ce: kowa dogo yake so.

Alhaji zai sauko daga mota, ya wuce jerin da nake ji da shi, ya nufi can gindin inuwa inda ledoji suka cunkushe, ya nuna wani zanƙalele siriri kamar tsinken tsire. "Wannan za ka ba ni." Sai in ce, "Ranka ya daɗe, neman rana ne ya miƙar da shi, ba ƙoshi ba. Iskar hadarin farko za ta kwantar da shi." Wani ya ji, wani ya ɗauka wayo nake masa.

Itace ba ya ƙara tsawo daga tsakiya. Daga kan tsiro yake miƙewa, saiwa ma daga bakinta take nutsawa. Buga ƙusa a jikin dalbejiya daidai kafaɗarka, ka dawo bayan shekara goma, tana nan inda ka bar ta, sai dai itacen ya haɗiye ta. Shi ya sa muke tsinke wa zogale kai da ya kai ƙugu. Kan na tafiya, idanun da ke barci a gefe sai su farka, ya yi rassa, ganye ya tsaya inda hannu zai kai.

Kauri kuwa wurinsa daban, kuma nan abincina yake. Ɗaye ɓawon reshe da farce a cikin damina, za ka ji wani danshi mai santsi tsakanin ɓawon da itacen. Ko kaurin takarda bai kai ba. Shi ke yin sabon itace ta ciki, sabon ɓawo ta waje, gindi ya yi ta kumbura shekara bayan shekara.

Auren mangwaro, wato haɗa reshen wani iri a jikin dashe, a kan santsin nan ya rataya. Mukan bar dashen da ya tsiro daga ƙwallo ya yi kaurin fensir, mu datse shi, mu tsaga da reza. Sai a fiƙe reshen binta siga, a cusa a tsagar, a ɗaure da leda tam. Sabon yaro yakan cusa reshen a tsakiya don ya yi kyan gani. Nakan kama hannunsa in tura gefe: "Ɓawo da ɓawo, ko ta gefe ɗaya ne." In santsin nan biyu suka haɗu, cikin mako uku sai ka ga jan toho. In ba su haɗu ba, reshen ya bushe, aikin banza.

Wannan wurin ya taɓa yi mini asara. Na ɗaura wa wasu lemuka alama da waya, hidima ta sa na manta. Da na waiwaye su wayar ta nutse, saman ɗaurin ya kumbura, ƙasan ya rame, domin abincin da ganye ke haɗawa ta cikin ɓawo yake sauka zuwa saiwa, ni kuwa na shaƙe hanyar. Haka akuya ke kashe dashe in ta zagaye ɓawo da haƙori. Tun daga nan fenti nake shafa wa leda.

Kwanaki wani dattijo ya zo, dabinonsa ya girma ya fito namiji, wai in yi masa aure da mace. Na ce, "Baba, dabino da giginya ba su da wannan santsin, babu inda za a haɗa." Na ba shi shawara ya nemi ɗan da ya fito a gindin uwa mai 'ya'ya, ya dasa kusa da namijin. Ya tafi yana girgiza kai, amma da gwaiba biyu a bayan babur.