Farin wain ba ya son tsufa, a shagona na koyi haka

Shagona yana nan Jos, ƙarami ne, kanta biyu da firij ɗaya, ina sayar da ruwan inabi na kwalba wanda mutane suke ce ma wain. Kanta ɗaya na masu barasa ne, ɗayar kuma irinsu Eva da Chamdor marasa barasa, su ne maƙwabtana Musulmi suke saye in ana biki ko suna, kuma ban taɓa yarda yarona ya haɗa su wuri ɗaya ba ko da wasa, wannan amana ce.

Toh maganar fari nake so in yi, mai araha ɗin nan na yau da kullum, ba na manyan otal ba. Yawancin namu daga Afirka ta Kudu yake zuwa, sai Chile da Spain. Four Cousins, Drostdy-Hof, Frontera, irinsu. Kwalba 750ml, barasar ciki wajen kashi 11 zuwa 13, wasu masu zaƙin ba su kai haka ba ma. Su can yankin Cape na Afirka ta Kudu tun 1659 suke matse inabi, kuma inabin da suka fi nomawa shi ne Chenin Blanc, tsofaffinsu suna ce masa Steen. In ka samu sabo ka kai hanci ƙamshin gwaiba za ka ji, har da ɗan na tuffa. Sauvignon Blanc kuma, wani irin inabin ne, ya fi kaifi, kamar ka yanka lemun tsami kusa da ɗanyar ciyawa.

Duk sanda kaya suka iso daga Legas sai na fasa kwalba ɗaya daga kowane iri, asara ce amma dole. Ina zubawa kaɗan a kofin gilashi in ɗora kan farar takarda in duba kala tukuna, ya kamata ya zama fari-fari mai ɗan ruwan ɗorawa, wani har da alamar kore. Sai in juya kofin in shinshina, in kurɓa in kurkure baki da shi sannan in tofar a bokiti. Eh tofarwa nake yi, in ba haka ba iri shida kafin azahar ai sai dai a rufe shago a kai ni gida.

Abin da ya koya mani wannan, wata shekara dab da Kirsimeti wani dila ya ba ni katan goma a farashin da ya yi daɗi da yawa, ni kuma kwaɗayi ya ja ni ban duba shekarar da ke jikin kwalba ba. Wata mata ta ɗauki katan biyu na bikin 'yarta, washegari sai ga ta da kwalba a hannu. “Ɗana, wannan wain ne ko ruwan tsamiya da ya kwana?” Na ce Mama ki yi haƙuri bari in gani. Ina zubawa na ga kalar ta koma kamar shayin da ba madara, warinsa kamar tuffar da aka yanka aka manta da ita a rana. Shekara biyar ke gare shi, kuma Allah kaɗai ya san watannin da ya yi cikin kwantena a zafin Legas. Na mayar mata da kuɗinta, sauran katan takwas ɗin kuwa kwata ta sha.

Har yanzu akwai masu shigowa su ce Oga ba ni wanda ya fi daɗewa, wai sun ji ana cewa wain in ya tsufa ya fi daɗi. Wannan maganar wasu jajaye ce masu tsada da 'yan fararen da aka yi su don ajiya. Fari mai araha an yi shi ne a sha cikin shekara ɗaya zuwa biyu, bayan nan ƙamshin sai ya gudu ya bar ka da tsami kawai. Kuma su Afirka ta Kudu da Chile wajen Fabrairu da Maris suke girbi, Turai kuwa sai wajen Satumba, kaga na su Afirka ta Kudu da Chile na bana yakan riga isowa.

Sa'ata ɗaya sanyin Jos. Duk da haka ba na jera fari kusa da taga, rana tana ɓata shi musamman mai farar kwalba, katan ɗin suna can ciki a ƙasa inda ba haske. Firij kuma sai yadda NEPA ta so, janareto na cin riba, shi ya sa kwalba goma sha biyu kawai nake sanyayawa. Kuma kar ya yi ƙanƙara, digiri 8 zuwa 10 ya isa, in ya wuce haka sanyi ba za ka ji komai ba sai haƙori.

Tun da Naira ta faɗi a 2023 kwastomomi da yawa sun sauko daga masu tsada zuwa masu araha ɗin nan, kuma mafi yawansu mai ɗan zaƙi suke so, ni da ina ganin kamar rashin sani ne, sai da na ci tsire mai yaji da Sauvignon Blanc bakina ya kama wuta, na gwada da mai zaƙin ya kwantar da yajin lumui. Yanzu kafin in miƙa kwalba sai na tambaya me za a ci da shi. In gasasshen kifi ne in ba da marar zaƙi, in farfesu ne mai barkono in ba da ɗayan. Sannan in juya kwalbar in nuna masa lambar NAFDAC da shekara da yatsana, ko bai tambaya ba.