Godiya ga duk wanda ya sa hannu a tafiyarmu ta Duxford

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillahi mun je mun dawo lafiya, manya da yara kowa ya isa gidansa ba wanda ko ƙwarzane ya samu. Tun ranar Asabar ɗin nake son rubuta wannan gajiya ta hana ni, to yau na ce bari in sauke nauyi, don akwai mutanen da in ban gode musu a gaban kowa ba gaskiya ban kyauta ba.

Ga wanda bai samu zuwa ba, Duxford tsohon filin jirgin sojan sama ne kusa da Cambridge tun zamanin yaƙin duniya na farko, yanzu gidan tarihi ne a ƙarƙashin Imperial War Museum. Yawancin masu zuwa jiragen yaƙi ne ke kai su, su Spitfire da makamantansu. Mu kuwa jiragen fasinja muka je gani, kuma waɗannan ba mallakar gidan tarihin ba ne, na wata ƙungiyar 'yan sa kai ce mai suna Duxford Aviation Society da aka kafa tun 1975. Su nake son fara gode wa duk da na san ba Hausa suke ji ba, na riga na sa ɗiyarmu ta rubuta musu da Turanci, wannan namu ne mu ji a tsakaninmu.

Waɗannan bayin Allah yawancinsu tsofaffi ne da suka yi ritaya, wani injiniyan jirgi ne a da, wani ma'aikacin cikin jirgi, wani ma ko kusa da jirgi bai taɓa aiki ba sha'awa ce kawai ta kawo shi. Ba albashi ba alawus, mutum ya zuba mai a motarsa da kuɗin fanshonsa ya zo ya wuni yana kankare tsatsa, aikin gayya ne zalla. Kuma ba aikin wata ɗaya ko biyu ba. Akwai wani Avro York da ya yi jigilar kaya zuwa Balin lokacin da aka toshe garin a 1948, daga baya har ɗakin kwanan yara 'yan sikawut aka mayar da shi, an kawo shi Duxford a 1986 sai 2006 aka gama gyaransa, shekara 20 cur. Wani kuma Airspeed Ambassador, shi kaɗai ya rage a duniya, shi ma 1986 ya zo bai fito a kammale ba sai 2013. Ku lissafa da kanku. Wanda ya fara kwance masa kusoshi yana da shekara 60, lokacin da aka gama ya haura 85 in ma yana raye, kuma ya san da hakan tun ranar da ya fara.

Wanda ya zagaya da mu, wani dattijo mai raha, ya bayyana mana cewa babban abokin gabarsu danshi ne. Jirgin da ke tsaye a waje ruwan Ingila na dukansa dare da rana, ruwan ya bi ta gefen taga da ƙofa ya taru a ƙasan ciki inda ido ba ya kai wa, ita kuma gorar ruwa, wato alminiyon da aka ƙera jikin jirgin da shi, ba ja take yi ba irin tsatsar ƙarfe da muka sani, fari take yi tana marmashewa kamar kanwa, kafin ka farga ta ci rami. Saboda haka kullum cikin buɗe bene suke suna leƙawa, suna kunna injin tsotse danshi, suna toshe kafar da tsuntsaye ke shiga yin sheƙa, a kankare a shafa fenti, bayan wasu shekaru a sake daga farko. Kayan gyara kuwa babu shagon da za ka je ka saya, kamfanonin da suka ƙera jiragen sun daɗe da shuɗewa, sai dai a ƙera da hannu ko a yi ta cigiya wajen wasu masu irin wannan aikin. Har yadin kujeru da labule akwai masu zama su ɗinka.

Amma abin da ya kai mu takanas shi ne Hermes. Handley Page Hermes jirgi ne mai injin farfela huɗu da ke ɗaukar fasinja 40, kuma ranar 6 ga Agusta 1950 BOAC, kamfanin jiragen fasinja na Ingila a wancan lokaci, ya fara aiki da shi a kan hanyar Landan zuwa Akara, yana yada zango a Tarabulus da Kano da Legas. Wato hanyarmu ce aka fara ɗora shi a kai. Guda 29 kacal aka ƙera, wasu sun yi hatsari sauran an yanka su an narkar, abin da ya rage a duniya shi ne gangar jikin guda ɗaya, ba fiffike ba inji, kuma ita ma ta tsira ne don an ajiye ta a filin jirgin Gatwick ana koya wa ma'aikatan cikin jirgi aiki a cikinta daga baya 'yan kwana-kwana suka yi ta atisaye da ita, har 1981 da waɗannan mutanen suka ɗauko ta. Yau ka gan ta fes da fentin BOAC.

Nan ne Babanmu Alhaji ya sa kowa ya yi tsit. Kun san da ƙyar muka shawo kansa ya yarda ya biyo mu saboda ƙafa, 'yarsa ma cewa ta yi a bar shi ya huta tunda jinya ya zo yi. Da aka tura kekensa gaban jirgin sai ya fara ba yara labarin yadda suna ƙanana suke takawa daga Fagge su je bakin waya su tsaya kallon jirgin Turawa na sauka, da yadda ƙararsa ke tada su barci, da dukan da ya sha a gida saboda yawon. Bai taɓa sanin sunan jirgin ba sai ranar. Baba mun gode da ka daure ka zo, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana, abin da ka ba yaran nan babu allon bayanin da zai ba su shi. Dattijon nan da ya zagaya da mu kuma da aka fassara masa abin da Baba ke cewa, ya bar abin da yake yi ya zauna suka yi ta hira ta bakin tafinta, shi ne ya ba mu labarin wani Hermes ɗin da ya taso daga Tarabulus zai zo Kano a watan Mayun 1952, aka yi kuskure wajen saita na'urar nuna hanya ya yi ta tafiya yamma cikin dare har mai ya ƙare ya sauka a rairayi kusa da Atar a Muritaniya, kowa ya fita da rai sai mataimakin matuƙi ne ya rasu bayan 'yan kwanaki. Yaran nan da ba sa ɗaga kai daga waya wallahi baki buɗe suke sauraro.

Tafintan namu kuwa, yayanmu injiniya da ya yi karatunsa a kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, Yaya Allah Ya saka da alheri. Shi ya tsaya a ƙarƙashin wutsiyar wani jirgin fasinja mai suna VC10 ya yi mana bayanin dalilin da ya sa aka tattara injinansa huɗu a baya, an bar fiffiken fili ne don ya iya ɗagawa da kaya daga gajeren titi a wuri mai zafi inda iska ba ta da kauri, irin Kano da Nairobi, kuma tafiyarsa ta farko da fasinja ranar 29 ga Afrilu 1964 Legas ya nufa. Wanda ke Duxford ɗin da kansa ya tashi ya sauka a can a 1980 bai sake tashi ba. Yaya ne kuma ya tuna mana cewa tun 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a Kano daga Masar, lokacin ko filin jirgi babu. Concorde dai, jirgin nan da ya fi sauti gudu, yara sun shiga sun fito suna ta ihu, na gwaji ne cikinsa duk na'urori, ba zan daɗe a kansa ba hotuna sun isa.

Da muka iso gaban BAC 1-11 manyan cikinmu duk suka gane shi, shi muka sha hawa a kamfanonin jirgi na Okada da Kabo. Hajiyarmu ta Luton ta tuna da wanda ya faɗi a Gwammaja ranar 4 ga Mayu 2002, ta rasa 'yan uwa a unguwar, muka tsaya a wurin muka yi musu addu'a. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Zan faɗi abin da ya tsaya min a rai ko da wani zai ce ba wurinsa ba ne. Mun ɗauko yaranmu mun biya kuɗi mun zo ƙauyen Ingila don su ga jirgin da ya yi zirga-zirga a Kano. A gida fa? Nigeria Airways ta durƙushe a 2003, ina ne yau mutum zai kai ɗansa ya nuna masa jirgi mai hoton giwar nan mai fiffike? Waɗanda suka yi shekaru a yashe cikin ciyawa a gefen filayen jirginmu 'yan gwangwan ne suka gama da su. Kuma ba rashin masu sani ba ne, tsofaffin injiniyoyi da matuƙa suna nan birjik a Kano da Kaduna da Zariya suna zaune. Ni ban yarda cewa sai Bature ke iya aikin da ba a biya ba, mu da muke gina masallaci da gyaran maƙabarta da gayya. Abin da ya ɓace shi ne wanda zai ba da fili da jirgi ɗaya ya ce ku riƙe. Yaya ya ce zai tuntuɓi abokan aikinsa na da, mu dai mun sa ido.

Sai iyayenmu mata da suka kwana a kicin, dambu da soyayyar kaza da zoɓo har wasu daga cikin 'yan sa kai ɗin sai da suka ɗanɗana, ɗaya ya sha yaji ya yi ta hawaye yana dariya. Allah Ya biya ku. Ƙannenmu da suka ja motoci tun asuba, musamman wanda ya koma hanya ya kwaso iyalin da motarsu ta lalace bai ko yi tsaki ba, mun gode. Samarin da suka yi ta karɓa-karɓa wajen tura keken Baba cikin yayyafi, da 'yan matan da suka riƙe lissafin yara kada wani ya ɓace a wurin da faɗinsa ya fi ƙarfin ƙafa, Allah Ya yi muku albarka Ya ba ku masu yi muku. Waɗanda suka ba da gudummawa alhali sun san ba za su je ba, kuɗinku ne ya biya wa yaran da iyayensu ba su da hali tikiti, ba zan kama suna ba tunda kun hana.

Ragowar kuɗin da ya rage kwamiti ya amince mun zuba shi a asusun ƙungiyar 'yan sa kan, ma'aji zai saka rasit da cikakken lissafi a gurup kafin Juma'a, mai tambaya ya yi a can. Masu hotuna da bidiyo don Allah a tura wa sakatare kada a cika gurup da su, kuma kada a ɗora hoton yaran wani a Facebook sai an tambayi iyayensu. Akwai rigar sanyi ta yaro shuɗiya da fulas ɗin shayi da aka bari a babbar mota suna wurina, mai su ya yi min magana. Wassalam.