Sunayen da ke bayan littafin awo

Mu nan Garwa ta arewacin Kamaru ba mu da rowar hamdala. Ka tambayi mai mashin ya aiki, ya ce maka da godiya, ko da tun safe bai samu na mai ba. Mai albasa a kasuwa haka, mai jinya a asibiti haka. Da wannan tarbiyya aka yaye mu, kuma ba ni da abin cewa a kanta. Inda nake ganin giɓi shi ne tsakaninmu da mutane, musamman na ƙasa da mu da waɗanda muke kwana gida ɗaya da su. Alhaji ya miƙo maka sefa dubu biyar, ka durƙusa kana zuba godiya har sai ya ce ya isa. Yaron shagonka ya kwana yana kafa maɓalli, gari ya waye ka ɗaga riga ɗaya ka ce wannan ya karkace. Hadisin nan da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, duk mun ji shi tun muna Islamiyya. Ban taɓa jin malamin da ya ce masu kuɗi kaɗai ake nufi ba.

Ni tela ne, ɗinkin maza da na mata duka muna yi. 'Yata ce ta nuna mini a waya wata shawara da ke yawo, wai kowane dare mutum ya rubuta abu uku da yake godiya a kansu. Da na duba sai na ga ni kam kullum abu ɗaya zan riƙa maimaitawa: lafiya, iyali, abinci. Gaskiya ne duka, amma waɗannan ina faɗinsu a kan sallaya. Sai na juya abin yadda zai yi mini amfani. Littafin da nake rubuta awon mutane, na kifa shi na fara daga shafin ƙarshe. Bayan isha'i, kafin in ja ƙofar shago, sai in rubuta sunan mutum ɗaya da abin da ya yi mini a yinin nan. Sharaɗin da na sa wa kaina shi ne kafin magaribar gobe ya ji daga bakina.

Rubutun ba wuya. Faɗar ce aiki.

Wanda yake son ya san mutum nawa ke riƙe da tela, ya zo shago cikin Maris. Farkon watan mata na jiran atamfarsu ta ranar 8 ga Maris, ranar mata ta duniya, kowace da irin ɗinkin da ta gani a waya. A 2024 da 2025 kuma azumi ya faɗo daidai wannan lokaci, tsakiyar zafin da ke haura digiri 40, ga ɗinkin sallah ya taru har rufi. Wutarmu daga madatsar Lagdo take zuwa, wadda aka gama a 1982, kuma duk shekarar da ruwa ya ja baya sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. In an ɗauke, keken lantarki ya zama ado. A irin waɗannan kwanaki shafin baya ke cika da sauri. Akwai mai gugan da ke hura gawayi a dutsensa da bakin azumi, zufa na ɗiga, yana kare ta da gefen hannu don kada ta taɓa shaddar mutane. Akwai mai kurar ruwa da ke ajiye mana jarka biyu ko bai tarar da ni ba. Akwai wani dattijo mai gyaran keke, mu duka Baba muke ce masa, wanda ya tayar mini da tsohuwar Singer ta ƙafa da na jingine shekaru, ya ƙi karɓar komai sai kuɗin bel. Da na same shi washegari na ce, "Baba, jiya ka fitar da ni kunya, riga huɗu na gama da keken nan, Allah ya saka da alheri," sai ya kawar da kai yana ta goge sukudireba, ya ce ai keken ce mai ƙarko. Tun daga ranar, in ya biyo layinmu sai ya leƙo ya saurari ƙarar keken.

Na lura godiyar da aka ambaci abin da mutum ya yi ta fi zama. "Sannu da ƙoƙari" kowa na samu a hanya. Amma ka ce wa mutum kalmasar da ya yi a wuyan kaftanin nan ta fita, ya san ka duba.

A gida abin ya so ya jawo mini magana. Ranar da na ce wa uwargida kunun tsamiyar da take aiko mana shago da shan ruwa shi ke riƙe mu har sahur, kuma na gode, ajiye ludayi ta yi ta ƙare mini kallo. Ta ce, "Malam, faɗi gaskiya, aure za ka ƙara?" Sai da na nuna mata littafin. Ta karanta, ta ga sunanta a ƙasan na mai kurar ruwa, ta ce to ai ga matsayinta ta gani. Dariya muka yi, amma tambayar tata ta nuna yadda abin yake a gidajenmu: namiji ya gode wa matarsa, sai an nemi dalili.

Wasu kuma ba ka da hanyar isa gare su. Wani lokaci ina yanka yadi sai in tuna manomin da ya tsinci audugar da hannu a gonakin da ke kewaye da mu, wadda kamfanin auduga na Sodecoton ke saya tun kafa shi a 1974, da ma'aikatan masaƙar Cicam ta nan garin, da direban da ya ɗauko zare da zif daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere ya sauko da babbar mota ta gangaren dutsen nan da kowa ke salati a kansa. Waɗannan addu'a ce rabonsu, ba na sa su a littafi.

Akwai abin da littafin ya tilasta mini wanda ban yi tsammani ba. Ba ya yiwuwa ka rubuta sunan mai guga da dare, gobe ka gode masa, alhali kuɗin gugarsa na sati yana aljihunka. Kunya ma ba za ta bar ka ba. Ibn Majah ya ruwaito a ba ma'aikaci ladarsa kafin guminsa ya bushe, kuma a Garwa cikin Afrilu gumi ba ya jimawa. Yanzu kowa da yamma yake karɓar nasa.

Sai dai ina da ja da yadda wasu ke amfani da godiya su toshe bakin na ƙasa. Yaro ya shekara shida a shago ya iya komai, ya nemi a yaye shi, maigida ya ce ka gode wa Allah da ka samu wurin koyo. Akwai wani bawan Allah da ke yi mini aikin hula, ɗan Borno ne, rikicin Boko Haram ya koro shi, ya zauna a sansanin Minawao da ke kusa da Mokolo kafin ya gangaro nan. Hannunsa a allura ba na biyu. Sau da yawa na ji ana taya hularsa da rabin kuɗi, in ya yi magana a ce ya gode da ya tsira da ransa. Hadisin da ya ce ka dubi wanda ke ƙasa da kai, kanka aka ce ka yi wa magani da shi. Ba a ba ka shi don ka karya farashin wani ba. Ni ma in an dawo da wuta ina hamdala da ƙarfi, kuma hakan bai hana ni cewa rabon da ake yi wa unguwarmu ba adalci a ciki.

Akwai ranakun da nake zama da biro ba sunan da ya zo. Ranar da wani ya karɓi kaya kala uku ya ce zai turo ta waya, ya kashe wayar, ba abin da na iya tunawa sai fuskarsa. Irin wannan rana layi nake ja in bar wurin fili. Ƙaryar godiya ba ta da amfani ga kowa.

Yaran shago sun gano littafin tuni. In na fita salla suna leƙawa, ina sane. Ƙaramin cikinsu, wanda bai wuce shekara goma sha huɗu ba, ya same ni kwanan baya yana sosa ƙeya ya ce, "Maigida, na ga sunana ya fi na kowa fitowa a watan nan, ko za a duba maganar kuɗin abincina?" Manyan suka yi masa ca, wai ba shi da kunya. Na ce su ƙyale shi, lissafinsa daidai ne. Na ƙara masa sefa ɗari biyu a rana, na kuma gaya masa daga sati mai zuwa zai bar kafa maɓalli ya hau keke.