Kwamfutar da ba ta san ta yi kuskure ba

Kwana biyun nan wani labari nake rubutawa, irin ƙagaggun labaran kimiyya ɗin nan, kuma ya hana ni sakat wallahi. Mutum biyar ne cikin kumbo za su duniyar Mars, tafiyar da kan ci wajen wata bakwai, kuma komai na rayuwarsu yana hannun kwamfuta, ita ke lissafin iskar da suke shaƙa, ita ke lissafin ruwa, ita ke riƙe hanya. Suna tsakiyar tafiya sai injiniyar cikinsu ta lura ruwan da ke fitowa ya rage ƙarfi, ta tambayi kwamfuta, ta ce mata tanki lafiya lau yake. Ta sake tambaya, amsa ɗaya, cikin ladabi da natsuwa. Daga nan rigima ta fara.

Na karanta wa abokaina babin farko a majalisarmu ta Samaru bayan isha, wani ya ce Malam ai ka ɓata labarin, ka mayar da kwamfutar muguwa mana, ta rufe musu ƙofa ta riƙa kashe su ɗaya bayan ɗaya. Na ce a'a. Muguwar kwamfuta ba ta ba ni tsoro, don in ka san abu maƙiyinka ne ai ka san yadda za ka zauna da shi. Wadda ke tayar min da hankali ita ce mai son ka da alheri, ba ta yi maka ƙarya ba, kawai lissafinta ne ya karkace kuma ita kanta ba ta sani ba. Wannan kuma yana faruwa da gaske, a sararin samaniya akwai ƙwayoyin haske masu ƙarfi da ke ratsa jikin na'ura su juya sifiri ya koma ɗaya a ma'adanarta, shi ke nan lamba ta canza babu wanda ya taɓa komai.

Ku duba abin da ya faru ranar 20 ga Yuli 1969, lokacin da Neil Armstrong da Buzz Aldrin ke sauka kan wata a Apollo 11. Kwamfutarsu ta fara ƙara tana nuna 1202, can kuma 1201, aiki ne ya yi mata yawa saboda wata na'urar rada da ke ta cinye mata lokaci. To amma an tsara ta yadda in ta shaƙe za ta watsar da ƙananan ayyuka ta riƙe na sauka, kuma ta faɗa cewa ta shaƙe, shi ya sa masu kula da tafiyar daga cibiyar Houston a Amurka suka ce su ci gaba, suka sauka lafiya. Ni a wurina wannan kwamfuta ce mai amana duk da ta rikice.

Kishiyarta kuwa ita ce ta kumbon Mars Climate Orbiter a 1999. Manhajar ɓangare ɗaya tana ba da lissafin ƙarfin turin injin da ma'aunin fam irin na Amurka, ɗaya ɓangaren yana karɓa a matsayin ma'aunin niyuton, kamar mai awo ya auna da mudu ya rubuta a littafi, mai karɓa ya ɗauka tiya ce. Babu ƙara babu jan fitila, wata da watanni kuskure na taruwa, da kumbon ya isa Mars ya yi ƙasa fiye da kima, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Allah ya sa babu mutum a ciki.

Wani kuma a majalisar ya ce mutanen labarina su kira duniya mana a duba musu. Nisan ne matsalar, tsakaninmu da Mars saƙo na iya ɗaukar har minti 22 kafin ya isa, amsa ma haka. Voyager 1, kumbo marar mutum da aka harba tun 1977, a Nuwamban 2023 ya koma turo shirme saboda wani guntun ma'adana ya lalace, saƙo ɗaya awa 22 da rabi yake yi a hanya, sai Afrilun 2024 aka samo kansa. Shi ba ya shan ruwa, zai iya jira, mutanena biyar kuwa ba za su iya ba.

Kumbon Amurka mai zuwa ya dawo, wato Space Shuttle, kafin a daina amfani da shi a 2011 kwamfuta biyar gare shi, huɗu suna aiki da manhaja ɗaya suna duba juna, ta biyar kuma wasu daban suka rubuta tata don kada kuskure ɗaya ya kwashe su duka. Daga nan na samo tsakiyar labarina. Nawa kumbon kwamfuta uku gare shi, biyu sun ce ruwa ya isa, ɗaya ta ce ba zai kai su ba, sai aka bi masu rinjaye aka kashe ta ukun a matsayin mai taɓin kai, alhali ita ke da gaskiya, biyun can daga na'urar awo ɗaya suke karɓar labari.

Inda nake fama yanzu shi ne kyaftin. Ba na so mai karatu ya ce masa wawa don ya ƙi sauraron injiniya, mutumin nan kwamfutar ta cece shi ba sau ɗaya ba, kuma in ya yarda ta yi kuskure a ruwa to dole ya fara shakkar iska da hanya su ma, ga mutum huɗu suna kallon fuskarsa. Babi na uku nake ciki, injiniyar ta ɗauko biro da takarda ta fara rubuta kowane kofin ruwa da aka sha, shi kuma ya gani bai hana ta ba.